Ƙafar da Ba Ta Ɗaure Ba

Shekara ashirin da biyu Baba Mai Bokiti ya yi yana kwaɓa fulawa a gidan burodi kafin ya taɓa ƙafar ɗan wasa. Da wannan na fara domin duk abin da zan faɗa a kansa daga hannunsa ya fito, hannun nan kuwa a kwaɓi ya yi karatunsa. Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, digirina biyu. Shi ko sunansa ba ya iya rubutawa. Amma a ranar da aka yi mana tambaya ɗaya ni da shi, shi ne ya san amsar.

Ɗakin kwaɓin, in ji shi, ba shi da taga, kuma bango ɗaya ne tsakaninsa da murhun gashi. Su shida suke tsayuwa a bakin tebur, gumi na bin gwiwar hannu yana ɗiga. Kafin rana ta take sai ka ji wani ya ƙwalla ƙara ya riƙe sharaɓa ko cinya, jijiya ta ɗaure. Wani tsohon mai gashi ne ya nuna musu maganin: bokitin ruwa a bakin ƙofa, da ɗan gishiri da ɗan sukari a ciki, kowa ya sha tun kafin ƙishirwa ta kama shi. Wanda ƙafarsa ta riƙe kuma a kwantar da shi a kan buhu a miƙe masa ita. Baba ne ya fi kowa iya miƙewar, sai aikin ya zama nasa.

Da aka kawo injin kwaɓi aka sallami mutum biyar, har da shi. Ya fito da bokiti ɗaya da tawul biyu. Akwai filin motsa jiki a bayan tashar mota, mai hanyar gudu ta jan ƙasa da rumfar 'yan kallo da kwanonta ya yi tsatsa. Nan ya fara sayar da ruwa. Wata rana wani ɗan ƙwallo ya faɗi yana birgima, abokansa na jan ƙafar kamar za su cire ta. Baba ya ajiye kofi ya ce su matsa. Tun daga ranar, shekara goma sha takwas, ba a sake kiran kowa ba in ƙafa ta ɗaure a filin nan.

Na sha ganin yadda yake yi. Ba ya fara tausa sai ya danna tsokar da babban yatsa ya ji ta. In ta yi tauri, ta dunƙule kamar an cusa dutse a cikin fata, sai ya miƙe gwiwar, ya ɗora tafin ƙafar a ƙirjinsa, ya tura yatsun ƙafar a hankali su dubi fuskar mai ita, yana ƙirga talatin da ƙarfi. Sannan ya murza daga diddige zuwa sama da jiƙaƙƙen tawul, ya ba ka kofi biyu daga bokitin, ya zaunar da kai.

"Baba, zan mutu!"

"Wa ya taɓa mutuwa da sharaɓa? Miƙe gwiwar, sarkin raki. Jiya zagaye nawa ka yi?"

"Uku."

"Yau fa?"

"Takwas."

"Kare ne ya biyo ka? Kuma na ga shigowarka, daga kan babur sai gudu, ko ɗumama jiki babu. Ko fulawa sai an bar ta ta huta kafin a ja ta."

Haka yake da kowa, har manyan mutane masu tumbi da likita ya koro su yi tafiya. Dokokinsa ba su da yawa, kuma kullum sai ya maimaita: ka sha ruwa tun daga gida, ka fara da zagaye biyu a hankali, kada ka ƙara nisa rana ɗaya, in ka gama ka jingina da bango ka miƙe ƙafa kafin ka zauna. Samarin suna kiransa Dakta don tsokana, shi kuma yana amsawa da gaske.

Ɗana ne ya kai ni filin. Dogo muke ce masa, shekararsa goma sha tara, shi kaɗai Allah ya ba mu. Ni jami'a na so masa, shi aikin kashe gobara yake so. Shekara guda muna ja, da na sallama kuma sai na ɗauki abin ya zama nawa, kamar yadda nake yi wa komai. Akwai gwajin gudu kafin a ɗauki mutum: zagaye shida cikin minti goma sha biyu. Na sayi agogon awo, na ware littafi na ja masa layuka. Dogo ya maƙale a minti goma sha biyu da daƙiƙa ashirin. Wata guda muna neman daƙiƙa ashirin ɗin nan.

Saura kwana tara muka ji cewa da tsakar rana ake yin gwajin. Sai na yi lissafi irin nawa: wanda za a gwada da rana, ya saba da rana. Na ɗauke atisayen daga safiya na mayar da shi ƙarfe ɗaya, a rana guda, ba tare da na bi a hankali ba. Baba ya dubi sama ya dube ni.

"Malam, wannan rana ko burodi ka ajiye mata za ta gasa."

Na yi dariya na ce ai dalilin ke nan.

Akwai abin da na sani tun Dogo yana jariri. Ya ɗauki ƙwayar sikila ta gefe ɗaya, daga wajena, abin da likitoci ke rubutawa AS. An ce mana ba cuta ba ce, ya dai duba jinin wadda zai aura. Shekara goma sha tara bai taɓa kwanciya saboda ita ba, ni ma haka. Ko sau ɗaya ban taɓa haɗa haruffan nan biyu da gudu ba.

Ranar Asabar ce. Dogo ya yi mura da ɗan zazzaɓi kwana biyu kafin nan, ya ce ya warke. Filin babu kowa sai mu uku, ni da shi da Baba, da mai gadi can a inuwar ƙofa. Gudun farko ya yi minti goma sha biyu da daƙiƙa goma sha ɗaya. Ya zo yana haki yana dariya.

"Abba, saura sha ɗaya. A rubuta da jan biro."

Na rubuta. Na ce ya huta minti goma mu sake.

A zagaye na huɗu na gudu na biyu ya fara rage sauri. Wanda jijiyarsa ta ɗaure tsalle yake yi da ƙafa ɗaya yana ihu, na gani ba adadi. Dogo bai yi ihu ba. Gwiwoyinsa ne suka lanƙwashe a hankali, ya zube kamar buhun da aka zare wa ɗinki. Da na iso ya ce, "Abba, ƙafafuna ba ƙarfi. Bayana ma yana ciwo." Numfashinsa sama-sama.

Baba ya durƙusa ya danna sharaɓar dama, ya danna ta hagu, ya danna cinyoyin. Ya sake dannawa.

"Malam, ƙafar nan ba ta ɗaure ba. Taushi gare ta kamar kwaɓin da ya tashi. Wannan ba nawa ba ne. A kai shi asibiti."

Na ce gajiya ce da tsamin jiki, na karanta a kai. Har na yi masa ɗan bayani.

"Malam, shekara arba'in ina taɓa ƙafa. Ba ta ɗaure ba. A nemo mota."

Abin da na amsa masa ina iya faɗarsa kalma da kalma. Na ce, "Baba, aikinka tausa ne. Yi masa tausa."

Ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya jiƙa tawul. Minti talatin da biyar yana murza ƙafar da babu abin murzawa a cikinta. Na san adadin ne domin ban tsayar da agogon ba, yana rataye a wuyana yana ta ƙirga. Bayan nan na ce Dogo ya tashi ya taka a hankali jikin ya sake. Ya tashi, domin bai saba yi mini musu ba. Rabin zagaye ya yi ya faɗi, wannan karon bai amsa kira ba. Baba ne ya fita titi da gudu ya tare mota.

Likitar da ta karɓe mu, mace ce mai ƙaramar murya, ta yi mini bayani a tsaye a baranda. Ta ce ba kasafai abin yake faruwa ba, masu irin jininsa da yawa suna wasanni lafiya har su tsufa. Amma in aka haɗa gudu mai tsanani ba hutu, da zafin rana, da ƙarancin ruwa, da jikin da bai gama warwarewa daga zazzaɓi ba, jinin yakan toshe ƙananan hanyoyinsa, tsoka ta fara lalacewa, abin da ta zubar ya tafi ƙoda. Ta ce ana yawan ɗaukarsa ɗaurewar jijiya, alhali alamar daban ce: mutum yakan zube ne ba tsalle ba, kuma tsokar ba ta yin tauri. Irin wannan ba a jira, sai a tsayar da komai, a sanyaya jikin, a garzaya asibiti.

Na ce, "Da mun zo da wuri fa?"

Ta ce, "Ba zan iya ce maka da ya rayu ba. Ba kuma zan iya ce maka da bai rayu ba."

Fitsarinsa a jakar roba ya koma kamar shayi ba madara, daga baya ya daina zuwa gaba ɗaya. Ya rasu ranar Talata da hantsi.

Uwarsa ta tambaye ni yadda aka yi, kuma duk abin da na faɗa mata gaskiya ne. Na ce ya faɗi, mai tausa ya yi masa tausa, lokaci ya tafi. Maganar Baba guda biyu da amsata guda ɗaya kawai na cire. Yayanta ya je filin, mai gadi ya gaya masa abin da ya hango daga nesa: tsoho a durƙushe fiye da rabin awa yana murza ƙafar yaron da ke mutuwa. Ya kai ƙara, kwamitin filin ya dakatar da Baba, aka sa ranar zama bayan mako bakwai. In ƙarar ta tabbata, an kore shi ke nan har abada, yayan matata kuma ya rantse daga can sai ofishin 'yan sanda.

"Baban Dogo, kai ka iya rubutu," in ji ta. "Ka rubuta ƙarar yadda ba za su iya ture ta ba."

Na rubuta, shafi ɗaya da rabi. Ta sa hannu, na sa.

Mako bakwai ɗin nan ƙiyayyar tsohon ce ta riƙe ta a tsaye. Ita ke tashinta da safe, ita ke sa ta ci loma biyu. Ina kallo, ina kuma sane da cewa in na cire mata shi, ni zan maye gurbinsa. Nakan shiga ɗakin Dogo in buɗe littafin, in ga sha biyu da sha ɗaya da jan biro, layin ƙasa kuma babu komai. Sau uku na kai bakin ƙofar kicin da niyyar magana, sau uku na tambaye ta ko akwai ruwan zafi.

Saura kwana biyu a zauna na nemi gidan Baba. Ɗaki ɗaya ne a bayan shagon kafinta, an raba shi da labule. Na same shi zaune a kan bokitin, ya kife shi, hannayensa a matse tsakanin gwiwoyi. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kafintan ya riga ya gaya mini a waje cewa samarin da ke ce masa Dakta yanzu tsallaka titi suke yi in sun hango shi, kuma ya koma gidan burodi neman aiki an nuna masa injin.

Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya kamar bai yi a baya ba.

Na ce, "Baba, me za ka faɗa musu jibi?"

"Abin da aka rubuta."

"Ni na rubuta."

"Na sani. An karanta mini. An ce rubutun ya tsaru."

Na ce ai ya san ba haka aka yi ba.

"Malam, ka binne ɗa. In na buɗe baki, da wane ido uwarsa za ta dube ka? Ni bokiti kawai zan rasa."

Daga bayan labule matarsa ta ce, "Shi ne zai yi shiru. Ni ba a ɗinke mini baki ba."

"Tsohuwa, ba da ke ake ba."

"Da wa ake, da bokitin? Malam, tun ranar nan mutumin nan bai taɓa gwiwata ba. Ga ta nan ta kumbura kamar tulu, shekara goma shi ke murza mini. Wai hannunsa ya zama abin tsoro. Abinci ma sai na yi kamar zan yi kuka."

Ya bar ta ta gama, sannan ya zaro hannayen ya shimfiɗa su a kan cinya yana kallonsu.

"Takardar nan ba duka ce ƙarya ba. Hannuna ya gaya mini, Malam. Bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ka ɗaga murya, na ga tabarau, na ga biro a aljihu, sai na ƙaryata shi. Da na saɓi yaron a kafaɗa na fita titi, me za ka yi mini? Duka? Na fi ka ƙarfi. Amma na jiƙa tawul. Kullum ina jiƙa tawul ɗin nan."

Na fito ban ce zan yi komai ba. A bakin shagon kafinta na daɗe tsaye ina kallon yadda ake feƙe katako.

Ranar zaman, ƙarfe takwas na safe, matata tana goge rigar da zan sa. Na ajiye littafin da agogon awon a kan teburin gugar. Na faɗa mata daga farko, a jere, har da cewa ni na mayar da atisayen tsakar rana, ni na ce a sake gudun, ni na ce ya tashi ya taka. Ba ta katse ni ba. Ta kashe dutsen gugar, ta tsayar da shi a kan gindinsa, ta naɗe wayar.

"Sau nawa ya faɗa maka?"

"Sau biyu."

"Kai me ka ce?"

Na maimaita mata.

"Kwana arba'in da tara ina kai ƙarar bawan Allah nan wajen Ubangiji, kana jina ta bango." Muryarta ba ta tashi ba. "Sa rigarka. Mu je."

Ofishin kwamitin yana ƙarƙashin rumfar 'yan kallo, yana warin fenti da tsofaffin ƙwallaye. Mutum biyar a bayan tebur, yayanta a gefe, Baba a kan benci shi kaɗai, ya sa rigarsa mai kyau. Kafin shugaban ya buɗe fayil ta ce a ba ta takardar. Ta ninke ta huɗu ta sa a jaka, ta ce, "Mijina yana da magana."

Na faɗa a karo na biyu a safiya ɗaya. Shugaban, tsohon malamin wasanni ne, ya cire hularsa ya ce, "Malam, ka san abin da kake faɗa kuwa?" Na ce na sani, kuma mai gadi bai yi ƙarya ba, nesa ce ta hana shi ji. Yayanta ya miƙe, ta ce masa, "Yaya, zauna." Ya zauna.

Sai ta taka zuwa gaban bencin ta durƙusa a kan siminti.

"Baba, ka yafe mini."

"'Yata, tashi. Tashi, don Allah. Ni ma ina da nawa a ciki."

A nan take aka janye dakatarwar. Da muka fito ba ta shiga motata ba, ta bi yayanta. Yau wata huɗu ke nan tana can. In na kira takan ɗauka, ta amsa gaisuwa, ta ce a gaida gida, ta kashe. Ban san wa take nufi ba, gidan ni kaɗai ne a ciki. Ban roƙe ta ta dawo ba, domin ban ga da bakin da zan roƙa ba.

Baba ya koma filin mako guda bayan zaman. Ya cika bokitin, ya zuba gishiri da sukari, ya rataye tawul, amma ruwa kawai yake miƙawa. In ƙafar wani ta ɗaure sai ya tsaya daga nesa yana gaya wa abokansa yadda za su yi. Samarin sun dawo suna gaishe shi, da kunya a fuskarsu, babu mai ce masa Dakta.

Ni ma na koma, da sassafe kafin makaranta, domin zaman gidan ya gagare ni. Zagaye shida nake yi da ƙafa, ba agogo. Wata safiya, ban san me ya shiga kaina ba, na kama gudu, ni da rabona da gudu tun ina jami'a, ko ruwa ban sha ba. A zagaye na uku sharaɓata ta hagu ta murɗe kamar an sa ƙugiya an ja. Na yi tsalle biyu na faɗi ina ihu, a daidai kwanar da Dogo ya fara zubewa.

Mutane suka taru. Na ji ƙarar hannun bokiti tana matsowa, sannan ta tsaya. Ya daɗe a tsaye a kaina.

Na ce, "Baba, don Allah."

Ya durƙusa. Ya ɗora babban yatsansa a kan sharaɓar. Ya danna sau ɗaya, ya sake dannawa, na ji ya sauke numfashi.

"Ta ɗaure. Kamar dutse. Wannan tawa ce."

Ya miƙe mini gwiwa, ya ɗora tafin ƙafata a ƙirjinsa, ya tura. Zafin ya kai mini har ƙeya, na ce wayyo zan mutu.

"Wa ya taɓa mutuwa da..."

Bai saki ƙafar ba. Ya gyara riƙo, ya fara ƙirgawa da ƙarfi yadda kowa zai ji, ɗaya, biyu, uku, ni kuma ina kwance a jan ƙasa na rufe fuska da hannu, har ya kai talatin.